Ɗafa-ƙeyar «-ite» a kalmomin kimiyya: asalinta da matsalar juya ta zuwa Hausa

Daga cikin ayyukan ƙirƙirar kalmomi da ake yi domin littattafan yaƙi da jahilci da na makarantu masu koyarwa cikin harsunan gida, wani daftarin ƙamus na Faransanci da Hausa ya zo hannunmu, wanda wani kwamitin aiki ya tsara a kan kalmomin kiwon lafiya, noma da albarkatun ƙasa. Aiki ne da aka yi da himma, kuma an yi dace a wurare da dama: an bar ƙyanda a matsayin ƙyanda, tsargiya a matsayin tsargiya, ba a tafi neman musu sababbin sunaye ba. Abin da za mu duba a nan ƙa'ida ce guda ɗaya da aka kafa a gabatarwar daftarin, wadda ke cewa duk inda kalmar Faransanci ta ƙare da -ite ana nufin kumburi, don haka sai a fassara ta da «kumburin kaza». Ba masu daftarin suka ƙago wannan ƙa'ida ba. Haka ake koya wa ɗaliban jinya a darasinsu na farko na kalmomin likitanci, kuma a wannan ajin tana biyan buƙata. Sai dai ƙamus da ya haɗa asibiti da gona da mahaƙar ma'adinai ya fi ƙarfinta, kuma ko a cikin asibitin kalmar «kumburi» ba ta ɗauki nauyin da aka ɗora mata ba.

Mu fara da asali. A tsohon Girkanci akwai wani ɗafi mai siga biyu: -itēs ga namiji, -itis ga mace. Babu cuta a cikin ma'anarsa, babu dutse. Aikinsa kawai ya danganta wani abu da wani. Hoplon makami ne, hoplitēs kuwa mai makami, wato sojan ƙasa. Sybaris sunan gari ne, Sybaritēs mutumin garin. Wannan shi ne aikin da Hausa ke yi da ba- da ɗan da mai, kamar a Bakatsine, Ba'adare, ɗan Agadas, mai doki, kuma shi ne abin da malaman nahawun Larabci ke kira nisba. Tsohuwar ma'anar tana nan da ranta a Faransanci cikin israélite, sunnite, chiite, malékite, waɗanda ba wanda zai yi mafarkin fassara su da kumburi.

Amma abin da ya fi kusa da wannan ɗafi a Hausa shi ne na da ta. Wanda ya tsaya gaban mai tebur ya ce «ba ni na dala goma» goro yake nufi. In ya ce «ta dala goma», gyaɗa. Bai ambaci sunan kayan ba, jinsi ne ya tsaya a madadinsa. Haka sunaye irin su Tasalla da Na'allah suka samu. To, Girkawa ma haka suka yi. Kalmar cuta a harshensu, nosos, mace ce, kamar yadda take a Hausa. Likitocin zamanin Hippocrate in sun ce arthritis suna nufin «ta gaɓoɓi», nephritis «ta ƙoda», pleuritis «ta haƙarƙari», kowa ya san cuta ake nufi. Kalmar dutse kuma, lithos, yawanci namiji ce. Saboda haka a littattafan Dioscoride da Pline na ƙarni na 1 ake samun haimatitēs, «na jini», dutsen da garinsa ja ne, da pyritēs, «na wuta», wanda ke ba da tartsatsi in an ƙyasta shi. Ɗafi ɗaya ne, sunaye biyu ne aka ɓoye a bayansa.

Latinanci ya karɓi sigogin biyu bai haɗe su ba. Ingilishi da Jamusanci ma sun riƙe bambancin har yau: a Ingilishi cuta tana ƙarewa da -itis, dutse da -ite. Faransanci ne ya zubar da ƙarshen kalmomin, -ēs da -is duka suka faɗi, aka wayi gari da -ite guda. Ke nan wannan tarko namu ne, mu da muka yi karatu da Faransanci. Abokin aikinmu na Kano ko Sakkwato ba ya cin karo da shi. Misalin da ya fi fito da lamarin fili shi ne néphrite. A ƙamus na Faransanci kalmar tana da ma'ana biyu: cutar ƙoda, da wani koren dutse mai daraja wanda Turawan da suka ɗauka maganin ciwon ƙoda ne, suka sa masa suna daga nan. Daftarin ya kawo ta farko kaɗai. Ba laifi ba ne a bar ta biyu, tun da ba dutsen ƙasarmu ba ne, amma da masu aikin sun lura da ita da sun sassauta ƙa'idarsu.

Yaushe ne ma'anar «ta kaza» ta taƙaita ta koma inflammation? Abin kwanan nan ne in an auna shi da shekarun kalmomin. A ƙarni na 18 likitocin Turai suka shiga rarraba cututtuka rukuni-rukuni kamar yadda masana tsirrai ke rarraba itatuwa. Boissier de Sauvages na Montpellier, a littafinsa na 1763, ya tara da yawa daga cikin cututtuka masu wannan ɗafi a rukunin masu zafi da ruruwa, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka riƙa ƙera sababbi a kan wannan gwado. Charles Badham ya fito da bronchitis a 1808, Reginald Fitz ya fito da appendicitis a 1886. Ta biyun nan ma ruwa biyu ce: saiwarta Latinanci, ɗafinta Girkanci, alamar cewa a lokacin ɗafin ya riga ya zama kayan aiki da ake liƙa wa kowace gaɓa. Ma'anar da muke koya wa ɗalibai yarjejeniya ce ta likitoci, shekarunta ba su kai 300 ba, kuma ita kanta tana da ɓaraka: rétinite pigmentaire lalacewar ƙwayoyin gani ce da ake gado, sunan ne kawai ya zauna mata.

Akwai -ite na uku, wanda shi ba a gaje shi daga kowa ba, zama aka yi aka tsara shi. A 1787 Guyton de Morveau, Lavoisier, Berthollet da Fourcroy suka buga tsarinsu na sunayen sinadarai a Paris. A cikinsa suka ware -ate ga gishirin da ya fi yawan oksijan, -ite ga wanda ya gaza shi: sulfate da sulfite, nitrate da nitrite. Faransanci yana bambanta wannan rukuni da jinsi, don ana cewa le nitrite amma la méningite; har akwai la chlorite, wani koren ma'adini, da le chlorite, gishirin sinadari. Sai dai jerin kalmomi irin na daftarinmu ba ya rubuta le ko la, ga shi kuma le graphite dutse ne amma namiji, don haka jinsi ba abin dogaro ba ne sosai.

Bayan waɗannan uku sai ƴan rakiya, kalmomin da suka ƙare da haruffan nan uku ba tare da ɗafin yana cikinsu ba. Daftarin ya jera parasite a cikin misalan ƙa'idarsa, alhali kalmar daga para, «gefe», da sitos, «abinci», take: mai ci a akushin wani. Termite, gara, da satellite daga Latinanci suke kai tsaye. Granite daga Italiyanci, ma'anarsa mai tsaba-tsaba. A ƙara da cewa in an rubuta da manyan baƙaƙe aka bar alamar wasali, salinité da humidité sukan fito kamar ƴan gidan, alhali ɗafinsu -ité ne, na sunan hali, wanda Hausa ke yi da -ci, -ntaka da makamantansu.

Mu dawo asibiti, inda ƙa'idar ta fi ƙarfi, mu ga ko «kumburi» ya isa. Tun ƙarni na 1 Celse, marubucin Rum, ya lissafa alamu huɗu na inflammation: wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗauki zafi, yana raɗaɗi. Kumburi ɗaya ne cikin huɗu. Wannan kaɗai ba zai hana a yi amfani da shi ba, don harsuna sukan kira abu da sunan wani sashensa. Matsalar ita ce kalmar tana da mai ita. In Bahaushiya ta ce ɗanta yana da kumburi, abin da likita ke kira œdème take nufi: ƙafafu da fuskar yaro mai tamowa, ko ƙafar mai juna biyu, ko ta mai ciwon zuciya. Wannan taruwar ruwa ce, babu ja, babu zafi, kuma maganinta daban. Daftarin da kansa ya fassara œdème da «kumburi» a wani shafi. Ke nan ungozoma ko wakilin lafiya na ƙauye da zai koyi aiki da wannan littafi zai sami kalma ɗaya a kan abu biyu da aikinsa ke buƙatar ya rarrabe. A ɗaya gefen kuma, da yawa daga cikin cututtuka masu -ite ba a ganin kumburinsu. Mai hépatite B yakan yi shekaru ba ya jin kome. In an ce masa yana da «kumburin hanta», zai shafa cikinsa ya ji lafiya lau, ya ce gwajin ne ya yi ƙarya.

Abin mamaki shi ne, maganar da talaka ke yi, «ciwon hanta», ita ce fassarar hēpatitis ta asali, kalma da kalma: Bagirke ya ce «ta hanta» ya haɗiye sunan cuta, Bahaushe ya fito da shi. Ciwon kunne, ciwon ido, ciwon ƙoda, ciwon nono, duk a kan wannan gwado suke. Hausa ba ta rasa ɗafin ba. -N da -r na mallaka su ne shi, sunan da Girkanci ya ɓoye ne kawai ba ta yarda ta ɓoye ba. A littafin karatun manya, a ganinmu, wannan ya wadatar, kuma duk abin da aka ƙara a kai nauyi ne.

Inda ƙa'idar ta fi yin ɓarna shi ne inda cuta ke da sunanta tun kaka da kakanni. Daftarin ya ba da méningite a matsayin «kumburin fatar ƙwaƙwalwa», ya sa sanƙarau a baya kamar wani ƙarin bayani. An juya abin. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da Lapeyssonnie ya zana a 1963 ya kira shi ɗamarar wannan cuta, daga yammacin Afirka zuwa Habasha, inda takan tashi da rani ta kwanta da saukar damina. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 250.000 a Afirka, ta kashe kimanin 25.000, a 2015 ta sake ɓarkewa a Yamai da kewaye. Lokacin da aka soma sabuwar allurar riga-kafi a 2010, a Nijar da Mali da Burkina Faso, ba da sunan fatar ƙwaƙwalwa aka tara mutane ba. Sunan sanƙarau yana ɗauke da alamar da uwa za ta gani da idonta, wuya ya sanƙare, kuma a cutar da kan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Gaskiya ne tétanos shi ma yana sanƙarar da jiki, kuma littafin ma'aikacin jinya dole ya bayyana bambancin. Amma wannan aikin sakin layi ne na bayani, ba a sauya wa cuta suna dominsa.

Haka poliomyélite. In an bi ƙa'idar, polios toka-toka ne, myelos laka, sai a sami «kumburin laka mai ruwan toka», abin da ba wanda zai gane daga Tawa har Gure. Muna sane da ƙorafin da ake yi a kan shan inna, cewa sunan yana jingina cutar ga iska. Ƙorafi ne mai tushe. Sai dai da wannan sunan aka yi shekaru ana shelar ɗigon riga-kafi gida-gida, har aka kai 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Uwa Bafaransa da ke cewa polio ita ma ba ta san tana cewa «toka-toka» ba.

Saura matakin ma'aikacin jinya da ɗalibin sakandare, wanda ke buƙatar ya raba hépatite da cirrhose da dajin hanta, duka kuwa ciwon hanta ne. A nan lalle ana son kalma ta musamman ga inflammation. Mun ji ana ba da shawarar a ɗauki -au na sanƙarau a mai da shi ɗafin cuta, tun da ga ƙarambau ma. Ba mu goyi bayan wannan ba. Ɗafin -au a kan aikatau yake hawa, ya ba da mai yawan yin abu ko abin da aikin ya faɗa wa: mantau, makarau, jimrau, fiddau. Ba ya hawa kan sunan gaɓar jiki, kuma «hantau» ko «ƙodau» dariya kawai za su jawo a aji. Hanyar da Larabci ya bi ta fi dacewa da ƙirar Hausa: bai nemi ɗafi ba, ya ɗauki suna guda, iltihab, daga lahab, harshen wuta, yana jingina shi ga gaɓa, iltihab al-kabid ga hanta. Inflammation ita ma daga flamma take. Hausa tana da kalmar da ta haɗa wuta da miki a wuri ɗaya: ana cewa wuta ta ruru, ana cewa ƙurji ya ruru. Ruruwa tana ɗauke da zafi da ja da tashi, kuma ba ta taɓa nufin ƙafar mai tamowa. «Ruruwar hanta», «ruruwar ƙoda», «ruruwar huhu» sun zauna a baki. Shawara ce, ba hukunci ba. Kafin a buga ta ya kamata a gwada ta a cibiyoyin karatun manya na Adar, Arewa, Gobir, Katsina da Damagaram, a ji abin da kowane kunne ya ɗauka, domin kalmar da aka ƙera a ofis a Yamai ba ta da tabbas sai ta kwana a ƙauye.

Game da duwatsu maganar gajeriya ce. Saiwar sunan ma'adini takan zama kome. Bauxite daga ƙauyen Les Baux na kudancin Faransa, inda Berthier ya gano shi a 1821. Coffinite, ɗaya daga cikin ma'adinan uraniyum na Arlit, daga sunan wani masanin ƙasa Ba'amurke, Coffin. Graphite daga «rubutu». Latérite daga later, tubali, sunan da Buchanan ya ba jar ƙasar da ya ga ana yanka ta ana gini a kudancin Indiya, a 1807. Fassara irin waɗannan gaɓa-gaɓa aikin banza ne. Masu daftarin sun gane haka, don a nan sun yi shiru da ƙa'idarsu sun ari kalmomin yadda suke. Amma sun wuce gona da iri: cassitérite kuza ce, wadda aka daɗe ana haƙa a Abzin da Jos, latérite marmara ce, halite gishiri ne irin na Bilma. Inda babu suna sai a ara, a maido da sunan da Girkanci ya haɗiye: dutsen bokzit, ma'adinin kofinit. Da mai karatu ya ga «dutsen» ya san gidan da kalmar ta fito.

Rukuni na uku ne ya fi ba mu tsoro, don a nan wasali ɗaya ne ke riƙe da ma'ana. Daftarin ya fassara nitrate da nitrite duka biyu da «gishirin taki». Na farko ana samunsa a takin zamani, gaskiya ne, kuma yakan tsiyaya daga gona ko masai ya shiga rijiya. Na biyu ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba, domin yana hana jini ɗaukar oksijan, musamman ga jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar nitrate a ruwan sha miligiram 50 a lita, ta nitrite kuwa miligiram 3. Wanda aka ba takardar gwajin ruwan rijiya da Hausa, ya ga «gishirin taki: 20», ba shi da hanyar sanin ko ruwan na sha ne ko na rufe rijiya. A nan babu batun fassara. Tsarin 1787 na duniya ne, a ara shi ɗungurungum, a tsare wasalin: nitirat da nitirit, sulfat da sulfit, kowane da alamarsa ta sinadari a gefe, NO3 da NO2.

Ko wannan aron yana da ƙaya. Mu muna jin -it da -at daga bakin Faransanci. Maƙwabtanmu na kudu suna jin -ait da -et daga bakin Ingilishi, sai su rubuta naitirait da naitiret. Ɗalibin Birnin Ƙonni da ya ɗauki littafin da aka buga a Zariya zai ga kalmomi huɗu a kan abu biyu, kuma -et ɗin can ya fi kama da -it ɗinmu fiye da -at, wato kuskuren zai faɗa ta gefen da ya fi muni. Taron Yamai na 1980 ya yi ƙoƙarin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, amma haruffa da rabon kalmomi ya duba, kalmomin kimiyya suna jiran nasu zama. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, littattafan da za a buga za su yi yawa, kuma abin da aka buga da wuyar janyewa. Shawararmu ga kwamitin ita ce a sunayen sinadarai a bi wasalin da ke rubuce, a da i, wanda Faransanci da Ingilishi suka yi tarayya a kansa a takarda ko da sun saɓa a baki, a kuma aika da wannan sashe na daftarin ga masu irin wannan aiki a jami'o'in Kano, Zariya da Sakkwato kafin ya shiga maɗaba'a.